Horar da malamai su ja ragamar tattaunawa a aji: amsa ga wata shugabar makaranta a Kaduna

Tambayar ta fito ne daga wata shugabar ƙaramar sakandare a Tudun Wadan Kaduna. Ta ce ɗalibanta ba su da nauyin baki a filin wasa, suna zuba da Hausa, wasu har da Turancin da suka tsinta a waya da talabijin, amma da zarar malami ya nemi su bayyana dalilin wani abu sai aji ya yi tsit, ko kuma a jefo masa kalma ɗaya. A takardar jarrabawa ma, duk inda aka ce a yi bayani nan suke barin fili. Tana da malamai 24, da azuzuwa masu yara saba'in zuwa tamanin, da kwana uku na bita kafin a shiga sabon zango, kuma tana son ta san abin da ya kamata a koya wa malaman a cikin waɗannan kwanaki.

Malama shugaba, ranki ya daɗe. Kwana uku sun isa a aza harsashi, da sharaɗin a kashe su wajen gyara abin da ke fitowa daga bakin malami bayan yaro ya ba da amsa, domin a wannan ɗan gurbin ne tattaunawa take rayuwa ko ta mutu. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan magana ne.

Da farko ya kamata malaman su fahimci abin da yaran suka rasa, don kada a ci gaba da ɗora musu laifin daƙiƙanci. Jim Cummins, masanin koyar da yara masu harshe biyu, tun a 1979 ya bambanta harshen hira da harshen ilimi, kuma bincikensa a kan 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Kanada ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsaransa a harshen da ake karatu da shi. Hira tana da 'yan taimako da yawa: fuska, da hannu, da abin da ake nunawa, da sanin juna. Harshen ilimi kuwa kalmomi ne kaɗai suke ɗauke da nauyin, shi ya sa yake buƙatar doguwar jimla mai gaɓoɓi. Malamai da yawa suna zaton manyan kalmomin darasi ne matsalar, sai su cika allo da ma'anoni a kwafa. Manyan kalmomin su ne mafi sauƙin koyarwa. Abin da ke kayar da yaro shi ne ƙananan kalmomin da ke ɗaure tunani, irin su "saboda haka", "duk da cewa", "idan da", "sai dai", "sakamakon haka", tare da ayyukan da ake yi da su, wato kwatantawa, da kawo hujja, da rarrabewa, da hasashe. Waɗannan ba sa zama a bakin yaro ta hanyar kwafa. Sai ya buƙace su, wato sai an sa shi a halin da ba zai iya fidda abin da ke ransa ba sai da su.

Sai kuma malaman su ji yadda ajinsu yake a kunnen baƙo. Tun a 1975 wasu masana harshe biyu a Ingila, John Sinclair da Malcolm Coulthard, suka nuna cewa maganar aji takan tafi ne hawa uku: malami ya tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci, daga nan a koma sabuwar tambaya. A wurinmu an ƙara wa tsarin amshi. Malami ya ja jimla ya bar ƙarshenta a buɗe, aji ya cike da murya ɗaya, ya ce "Kun gane?", a ce "E, malam", a tafa, a wuce. Keith Chick, wanda ya nazarci makarantun baƙar fata a Afirka ta Kudu, ya kira irin wannan da maganar tsira da mutunci, domin tana kare kowa daga jin kunya: yaro bai fito shi kaɗai ya yi kuskure ba, malami kuma bai shiga Turancin da zai sarƙe shi ba. Ina son ki riƙe wannan fassara, saboda ita ce za ta hana bitar ta zama zaman tuhuma. Malamin da ke sa amshi a gaban yara tamanin da harshen da shi kansa bai sake da shi ba dabara ya samo, kuma ba zai sake ta ba sai an ba shi wadda ta fi ta. Ban kuma raina amshi da hadda ba. Da su muka riƙe jadawalin sau, da su aka riƙe karatun allo shekaru aru-aru. Iyakarsu dai ba sa koya wa yaro cewa "ban yarda ba, ga dalilina".

Bari in kawo misalin da nake so a gina bitar a kansa. Malamin kimiyya ya tambayi aji dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali a ɗaki ɗaya aka ajiye su. Wata yarinya ta ce, "Saboda randa ta ƙasa ce." A tsohon tsari malam zai ce daidai ne, a tafa mata, ya juya ya rubuta ma'anar "evaporation" a allo, magana ta ƙare da kalma biyar daga bakin ɗaliba. Malamin da aka horar kuwa zai riƙe hukuncinsa, ya ce, "To, ta ƙasa ce. Mene ne a jikin ƙasar yake kawo sanyin?" Ya yi shiru ya jira. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, randa tana zufa." Malam ya ce, "Kana nufin ruwan yana ratsowa ta jikinta ya fito waje? Haka kake nufi, ko na canza maka magana?" Yaron ya tabbatar. Malam ya juya ga aji: "Ina zufar take tafiya, tun da ba ma ganin ta taru?" Wata ta ce iska ce take shanye ta. Sai malam ya ce, "Wa zai haɗa maganar su biyun a jimla ɗaya, ya sa 'saboda haka' a tsakiya?" Bayan an haɗa, an kuma kai ga cewa ruwan da ke tashi a iska yana tafiya da zafin randar, sai ya jefa tambayar da za ta nuna wanda ya gane da wanda ya bi yarima ya sha kiɗa: "Idan aka shafe bayan randar da fenti, ruwan zai ƙara sanyi ne ko zai rage? Kowa ya faɗa wa na kusa da shi abin da yake gani da dalilinsa."

Dubi abin da malamin ya yi. Bai kawo kayan aiki ba, bai tsawaita darasi ba. Ya nemi ƙarin bayani, ya maimaita maganar yaro da ɗan gyara tare da tambayarsa ko ya yarda, ya miƙa maganar wani ga wani, ya tilasta amfani da kalmar haɗi, ya kuma nemi hasashe. Kalmar "zufa", wadda yaron ya ɗauko daga tsakar gidansu, ita ce ta zama matakalar da aka hau zuwa kalmar littafi, kuma lokacin da aka rubuta kalmar Turancin a allo ta tarar da ma'ana tana jiran ta. Irin waɗannan jimloli na malami ba su da yawa, kuma masana irin su Sarah Michaels da Catherine O'Connor a Amurka sun daɗe suna koyar da su. Shawarata ita ce kada ki ba malamanki duka a lokaci guda. Biyu sun isa zangon farko: "Me ya sa ka ce haka?" da "Wa zai ƙara a kan abin da ta faɗa, ko ya saɓa mata?" Malamin da ya riƙe waɗannan biyun har suka zama masa jiki ya fi wanda ya koma gida da takarda mai dabaru ashirin.

Akwai na uku wanda ba jimla ba ne, shiru ne. Mary Budd Rowe ta naɗi muryoyin darussan kimiyya masu yawa a Amurka, a farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa kan ƙaru, yara kan fara kawo dalili da kansu. Ta kuma lura da cewa jira na biyu, wato wanda ake yi bayan yaro ya yi shiru kafin malami ya karɓe magana, yana da tasiri ƙwarai, domin sau da yawa yaron bai gama ba, numfashi yake yi. Idan haka lamarin yake ga yaran da ke karatu da harshen gidansu, to ina ga yaron Rigasa ko Unguwar Sanusi da zai ji tambaya da Turanci, ya juya ta zuwa Hausa, ya yi tunani, ya sake juyo amsar? Daƙiƙa uku ma sun yi masa kaɗan. A wurin bita ki sa malamai su ƙirga biyar a zuci. Za su gaya miki cewa shirun yana da nauyi kamar an yi mutuwa, kuma wannan nauyin ne ya kamata su saba da shi.

Batun harshe kuwa ba za ki iya tsallake shi ba, kuma malaman za su tayar da shi tun ranar farko. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen gida ko na yankin kafin a koma Turanci, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna cewa hakan bai hana su iya Turanci ba, kuma har yau hukumomi ba su daina kai-kawo a kan lamarin ba. Ke dai a ƙaramar sakandare da Turanci za a jarraba yaranki, wannan ba ya cikin abin da za ki iya canzawa. Abin da ke hannunki shi ne ki raba aikin: a yi tunanin da harshen da yaro ya fi ƙarfi a cikinsa, a fito da sakamakon da Turanci. Idan yara biyu suna shawara a kan benci, a bar su da Hausarsu, idan aka tashi gabatarwa ga aji, a taimaka musu da farkon jimla a allo, kamar "I think... because ..." ko "I disagree because ...", su cike. Abin da nake ƙi shi ne al'adar da ta zama ruwan dare, wato malami ya karanta da Turanci, ya fassara duka da Hausa, yara su koyi toshe kunne har sai fassara ta zo. A nan malamin ne kaɗai yake atisayen harshe biyu. Kada kuma a ɗauka Hausa ba ta da harshen ilimi. Yaron da ya zauna tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello, ko ya saurari shirin siyasa a Rediyon Tarayya na Kaduna tare da mahaifinsa, ya ji hujja da dalili da sharaɗi da ƙa'ida da saɓani, ya san ana cewa "a wani ƙaulin". Aikin malami ya tuna masa da cewa ya san wannan salon, sannan ya nuna masa tufafinsa na Turanci. Sai dai a yi hattara, Kaduna ba Kano ba ce: a aji ɗaya za ki iya samun Bagwari da Bajju da Atyap da Bayarabe da Ibo, kuma a makarantun Kakuri ko Sabon Tasha wani lokaci Turancin buroka ne ya fi haɗa yara. Malami ya san wanda ya zaunar kusa da wa, kada sassaucin da aka yi wa mafi yawa ya zama sabon shinge ga kaɗan.

Yanzu ga kwanakin ukun. Kada ki yarda a kawo miki mai jawabi ya tsaya awa uku yana karanto amfanin tattaunawa ga mutanen da suka yi shiru suna rubutu. Na halarci irin wannan bita fiye da sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta canza ko da tambaya ɗaya a aji ba. Duk malamin da ya yi karatun shaidar malanta ta NCE, a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ne ko ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Rigachikun, ya san ƙaramin darasin gwaji da ake yi a gaban abokan karatu, dabarar da ta samo asali daga Jami'ar Stanford a 1963. Ita za ki farfaɗo, amma a taƙaice kuma a maimaice. Malami ya tsaya minti biyar da tambaya ɗaya daga darasin da zai koyar a makon farko, abokansa shida su zama ɗalibai, a raba musu rawar da za su taka a ɓoye: wannan zai ba da amsar kalma ɗaya, wancan zai ba da amsar kuskure mai ma'ana, wata za ta ƙi magana, wani zai nemi ya cinye filin. Duk lokacin da malamin ya yi saurin cewa "daidai" ko "a'a", mai horarwa ya ɗaga hannu, a koma baya jimla ɗaya, a sake. Za a yi dariya, za a ji kunya, kuma a nan ne koyon yake. Ke ma ki tsaya ki yi naki gwajin a gabansu tun da farko, ki yi kuskure a gyara miki, don a san ba tarko aka ɗana ba.

Rabin yini guda kuma a ware shi ga ƙirƙirar tambayoyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kowace tambaya ce ke haifar da tattaunawa ba. Wadda amsarta shekara ce ko suna a yi ta a wuce. Ana neman wadda mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta, ko wadda kuskurenta yake da jan hankali. Me ya sa shanya ta fi saurin bushewa da hunturu alhali garin ya fi sanyi? Wanne ya fi girma, kashi biyu cikin uku ko kashi uku cikin biyar, kuma yaya za ka gamsar da wanda bai yarda ba? Idan Kogin Kaduna ya yi ambaliya ya shiga gidajen da ke bakinsa, yawan ruwan sama ne sababi ko inda aka yi ginin? Me ya sa masaƙun Kakuri suka rufe, kuma wa abin ya fi shafa? Kowane malami ya fita da tambaya uku irin waɗannan a rubuce, tare da amsoshin da yake tsammanin yara za su bayar, na daidai da na kuskure, da kalmomin haɗi biyu da yake son ya ji a bakinsu.

Za a ce miki yara tamanin sun yi yawa. Gaskiya ne ba za a iya zagaye su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa maganar bibbiyu, wadda Frank Lyman ya tsara a 1981, ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda aka ƙirƙira ta dominsu: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya faɗa wa na kusa da shi, sannan malami ya zaɓi waɗanda za su faɗa wa aji. A minti biyu yara arba'in sun yi magana a lokaci guda, ba a ja benci ba. Ajin zai yi ƙara, don haka a yi yarjejeniyar alamar tsayawa tun ranar farko, ke kuma idan kina zagaye ki daina auna nagartar malami da shirun ajinsa. Game da kunya, musamman ta 'yan mata a gauraye da maza da ta yaran da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a musu da babba, dabarar da na ga ta fi aiki ita ce a ce wa yarinya ta faɗi abin da abokiyar zamanta ta ce. Ɗaukar saƙon wani ya fi fidda ra'ayin kai sauƙi, kuma daga nan ake farawa. A kuma koya musu lafazin saɓawa cikin ladabi, yadda za a san da magana ake ja, ba da mai maganar ba.

Abin da zai biyo bayan bitar ya fi bitar muhimmanci. Gwajin da gidauniyar Education Endowment Foundation ta ɗauki nauyi a Ingila a kan tsarin koyarwa ta hanyar tattaunawa na masanin ilimi Robin Alexander, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2017, ya samu cewa 'yan aji biyar na firamare sun yi gaba da kimanin wata biyu a Turanci da kimiyya da wata ɗaya a lissafi. Amma a lura, shirin mako ashirin ne, kowane malami yana da mai ba shi shawara a cikin makarantarsa, suna naɗar darasi suna dubawa tare. Ke ba ki da kuɗinsu, amma kowane malaminki yana da waya. Ya ajiye ta a kan tebur ya naɗi minti goma na muryarsa, ya saurara shi kaɗai, ya ƙirga sau nawa ya tambayi dalili da kuma jimla mafi tsawo da wani ɗalibi ya faɗa. Gani ya kori ji, a nan kuwa jin kai ya kori gardama. Sau ɗaya a mako biyu malamai su haɗu uku-uku na rabin awa, kowa ya kunna minti biyu da ya zaɓa da kansa. Ki tabbatar musu da baki da kuma a aikace cewa wannan naɗi ba ya shiga fayil ɗin kowa. Tun bayan jarrabawar da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka kasa cin makin da aka gindaya, malamai da yawa a jihar nan duk wanda ya shigo musu aji da biro da takarda kallon mai neman abincinsu suke yi masa, kuma mai jin tsoro ba ya gwada sabon abu.

Za su kuma ce manhaja ta yi yawa, lokaci ba ya isa. Kada ki nemi kowane darasi ya zama tattaunawa. Minti goma a cikin darasi na minti arba'in, sau biyu a mako ga kowane malami, ya isa farawa. Sharaɗi ɗaya nake so ki tsaya a kansa, tun da daga takardar jarrabawa kukanki ya taso: kowace tattaunawa ta ƙare da rubutu. Minti uku na ƙarshe kowane yaro ya rubuta jimla biyu da kansa, ba daga allo ba, ɗaya tana ɗauke da abin da ya yarda da shi, ɗaya tana ɗauke da dalili. Ki karɓi littattafai goma daga aji guda a makon farko, ki sake karɓar na yaran nan goma a mako na goma, ki ajiye su gefe da gefe a gaban malamin da ya koyar da su, ku ƙirga tare sau nawa "because" da "therefore" da "but" suka bayyana, kuma sau nawa aka sa su a inda ya dace.